Baƙo Mai Malfa da Ƙoƙon Ruwa

An kai ni kallon wasan kwaikwayo a makarantar su jikata, can unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, irin makarantun nan na kuɗi masu fenti kala-kala da dogon suna na Turanci wanda mai gadin ƙofar ma bai iya faɗa ba. Na ce an kai ni, domin ba da son raina na je ba. Yarinyar ce ta tsaya a kaina ta ce, "Tsoho, in ba ka zo ba na sake ka, in auri mai rake." Tun da ita kaɗai ta rage cikin matan da ke yi mini barazana, sai na sa babbar riga na bi ta. Aka zaunar da mu ƙarƙashin rumfa, janareta na gurnani a bayanmu, lasifika na ihu a gabanmu, mu kuwa a tsakiya kamar gero a bakin dutsen niƙa. Da aka gama jawaban da ba wanda ya saurara, har masu yin su, sai mai gabatarwa ya ce ɗalibai za su kawo mana wani tsohon wasa na ƙasar Kabi wanda aka yi wa kwaskwarima don ya dace da zamani. Na daɗe a duniya, na ga abubuwa da yawa da aka yi wa kwaskwarima, ban tuna ko ɗaya da ya tashi daga jinyar ba.

Ba a yi nisa ba na gane shi. Wani ya zuba guba a tafkin gari, kifi ya mutu, an rasa wanda ya yi. Wasanmu ne, wanda muka yi ta yi a Argungu muna samarin malamai. Ban san ta wace hanya ya biyo ya faɗo hannun waɗannan mutane ba. Mai laifin dai tun fitowar farko an shafa masa gawayi a fuska, yana ta wata dariyar mugunta yana murza hannu, yadda ko jariri a goye zai nuna shi da yatsa. Sai aka saki kiɗa, mai bincike ya faɗo dandamali da tsalle: baƙar kwat a cikin wannan zafi namu, baƙin tabarau, bindigar roba a ƙugu. Ya faɗi sunansa, ya faɗi muƙaminsa, ya sake faɗi don waɗanda ke baya. Binciken nasa gaba ɗaya bai wuce ya ciro waya ya latsa ba, sai ga hoton mai gawayi yana zuba guba, har ya juyo yana kallon mai ɗauka. Aka yi tsere a kan dandamali, aka yi mari, aka sa ankwa. Iyaye suka miƙe, kowa ya ɗaga waya sama, ba mai kallon wasan da idonsa. Daga nan mai binciken ya cire tabarau, ya gode wa mai makaranta bisa hangen nesansa, ya tunatar da mu ranar dawowa daga hutu. Aka yi tafi. Jikata, wadda ta fito a ɗaya daga cikin matattun kifayen, ta rugo tana haki ta ce, "Tsoho, ya ka ga wasanmu?" Na ce mata a duk taron ita kaɗai ta san aikinta, domin ta kwanta ta yi shiru.

Ban iya cin abincin da aka raba ba. Abin da ya dame ni ba rashin iyawar yara ba ne, yara ai abin da aka koya musu suke yi. Abin shi ne, daga farkon wasan har ƙarshensa ba wanda ya miƙa wa mai binciken ruwa. Wanda bai san wasan ba zai ce wannan tsoho ya fara rikicewa. To bari in faɗi yadda yake.

A zamaninmu ana yin wasan ne bayan an kwashe shinkafa daga fadama, lokacin da gari ya ƙoshi, mutane suka sami bakin dariya. Tun da sassafe za ka ji bugun sussuka daga kowace kusurwa, mata na amsa wa juna da taɓare, daga gulbi kuma masunta na buga gora suna kiran juna da sunayen da ba a faɗa gaban surukai. Iska duk ƙaiƙayi da hayaƙin banda. Mu 'yan ƙungiyar wasa ba mu da yawa: malaman firamare, da wani akawu, da wani tela, da Lamidi mai kanti. Shugabanmu Hedimasta ne, dattijo mai ƙaramin gemu da babbar murya, wanda ya karanta littattafai fiye da yadda ya dace da lafiyar mutum. Dandamalinmu bencinan aji ne, a haɗa su a ɗaure da igiya a filin makaranta, a kafa zana a raba wurin gida-gida: gidan mai gari, gidan masunci, rugar Bafillace, gidan mai kanti, gidan boka. Ba lasifika, wanda muryarsa ba ta kai bakin katanga ba sai a ba shi aikin riƙe zana. Mata ba sa hawa dandamali a lokacin, saboda haka mu ne matan. Ni, da yake gemuna ya yi nawar fitowa, shekara da shekaru ina auren Lamidi. Zanen gwaggota nake ara, ita kuma kowace shekara sai ta ce in wanke shi da sabulu in shanya a rana kafin in mayar, kamar na ɗauko masa wata cuta.

Shi mai binciken ba shi da suna. Baƙo kawai muke ce masa. Ba a rubuta masa ko kalma ɗaya ba, ba ya zuwa gwaji, kuma in ban da Hedimasta ba wanda ya san ko wane ne, har mu da muke wasa da shi. Sai la'asar ta yi, wasa ya kai inda kifi ya mutu gari ya ruɗe, sai ka ji taro ya yi tsit daga baya, shirun yana tahowa gaba kamar inuwar hadari. Ta ɓangaren gulbi yake ɓullowa, ta cikin 'yan kallo, da malfa mai faɗi, da amawali har ƙarƙashin ido, filafilin jirgi a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Ba a san wanda ya aiko shi ba. Wasu su ce hukuma, wasu su ce mutanen ruwa, tsofaffin mata kuwa sukan yi a'uziyya su ja jikokinsu jiki. Na taɓa tambayar Hedimasta dalilin duk wannan ɓoye-ɓoye, sai ya ce, "Malam, mai tambaya in an san gidansu ya ƙare. Gobe za a kai ma uwatai goro." Na ga kwamitocin bincike da yawa bayan wannan, kuma duk an san gidajensu.

Mai laifin ma ba a san shi ba, kuma nan gishirin wasan yake. Kafin a fara, Hedimasta zai cire hularsa ya zuba tsakuwar gulbi a ciki, farare, da baƙa guda ɗaya. Kowane maigida na cikin wasan ya sa hannu ya ɗauka, ya duba a ɓoye. Wanda baƙar ta faɗo wa shi ya zuba guba a wannan rana, ko da shi ne mai gari. Sai ya san yadda zai yi ƙarya, sauran kuma su faɗi gaskiyarsu. Baƙo zai bi gida-gida, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma. Matar gida ta kawo ruwa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, sai ya ce a riƙe masa sai ya dawo sallama. Bai taɓa ce wa kowa "kai ka yi?" ba. Sai ya tambayi lafiyar yara, da yadda damina ta kasance, da abin da aka ci jiya, a hankali, da wata murya ƙasa-ƙasa da amawali ya danne, har mutum ya saki jiki ya taka igiyar da ya shimfiɗa da hannunsa. Irin tambayar kakanninmu ke nan: in an sha madara a gida, tsohuwa ba ta cewa wa ya sha, sai ta tambayi wanda bai jin yunwa. In ya gama zagaye, sai ya sake biyowa, kowane gida a miƙo masa ƙoƙon. Inda ya yarda da su, ya ɗaga amawali kaɗan ya sha. Inda ya gano mai laifi, sai ya karɓi ƙoƙon, ya dube shi, ya ajiye a ƙasa bai kai baki ba, ya wuce. Hukuncin ke nan. Ba mari, ba ankwa, ba ko kalma. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da baƙo ya ƙi ruwan gidanka. Na ga ƙarti sun rufe fuska don kunyar wani, alhali sun san wasa ne.

Sun san wasa ne, amma ba su sani duka ba. Wanda aka ajiye ruwansa sai ya yi kwanaki yana shan tsiya a kasuwa. Shekarar da abin ya faɗa kan tela, mai nama ya riƙa ce masa, "Matsa can, kar ka zuba min wani abu ga tsire." Maganar ta shiga bakin gari, har in an ce wane an ajiye ruwansa, to an gama bayani. Mu kuwa muna jin daɗin wannan, muna ɗauka shaidar gwanintarmu ce. Ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin ranar da tafki na gaske zai mutu ba.

Ranar ta zo ana saura 'yan kwanaki wasa. Wani tafki ta wajen Gulma, wanda ƙauyuka ke jira duk shekara a buɗe a yi su, wato kamun kifi na taro, aka wayi gari ya yi fari fat da cikin kifi. Na je na gani, da ma ban je ba. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, manya da 'ya'yansu har waɗanda ba su kai yatsa ba, duk sun taso, wari kuwa tun daga hanya yake tarbar mutum. Shanun wani Bafillace da suka sha ruwan suna kwance a gefe, ciki a kumbure, ƙafafu a sandare. Abin da ya fi warin muni shi ne mutanen da na tarar da kwanduna suna tsince manyan. Suna la'antar wanda ya yi wannan aiki, suna lodawa. Kwana kaɗan bandar kifi ta yi araha a kasuwa. Kowa ya san dalili, kowa ya saya.

Aka ce maganin feshi aka zuba, irin na ƙwarin gona. Lamidi na sayar da shi. Wasu ma suna sayarwa, amma su suna da kawunnai a gari. Shi kuwa a Nasarawa ta Birnin Kebbi aka haife shi, ubansa ya zo daga kudu da fataucin atamfa, suka koma Argungu tun yana goye, ya taso bai san wani gida ba sai nan. Hausarsa ta fi tawa, domin ni makaranta ta lalata tawa. A sahun gaba yake salla, shi ke aika sukari in ana suna a unguwa. Cikin kwanakin nan sai aka tuna cewa Bayarabe ne. Masu zama a bencin ƙofar kantinsa suka koma wata inuwa. Matarsa ta gaske in ta isa rijiya sai hira ta mutu. Wata safiya ya tarar an jibge masa ruɓaɓɓen kifi a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce masa komai a fuska, kuma wannan ya fi muni, don ba abin da zai amsa. Kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan shiru: ko mutum ya ɗaure kayansa da kansa, ko a taya shi da ashana.

Muka taru a ofishin Hedimasta. Akawu ya ce a ɗage wasan. Hedimasta ya ce in an ɗage, gari zai ce muna ɓoye ɗan ƙungiyarmu. Ni na ce to a yi wasan, amma kada Lamidi ya sa hannu a hula.

Lamidi ya dube ni ya ce, "Uwargida, ashe ke za ki hwara kai ni ƙara? In kunka hidda hannuna cikin hula, ai kun hwaɗa ma gari ni na. Mi ya rage?"

Tela ya matso ya rage murya. "To a ba ni baƙar tun yanzu, ba mai sani. Ni na saba, mai nama ma ya gaji da ni."

"Wasan da anka san mai laihi tun gida ba nawa ba na," in ji Hedimasta. "In haka kuke so, ku nemi wata hula."

"Ni ma ban yarda ba," in ji Lamidi. "Tsakuwa nawa a ciki? Don mi za ta zaɓe ni? Ku bar ni in ɗauka kamar kowa. Ɗan garin ga nike, ko ba ɗan garin ga nike ba?"

Haka aka bar shi ya ɗauka. Taron masu ilimi ne suka zauna suka yanke shawarar wauta cikin ladabi da bin ƙa'ida, abin da masu ilimi suka fi kowa iyawa.

Ranar wasa ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Mutanen Gulma sun zo, wasu a ƙasa, wasu a jaki, wasu ta jirgi. A sahun gaba Arzika ya zauna, wani ƙaton masunci wanda rabin abincin gidansa na shekara ya mutu a tafkin nan, 'yan'uwansa kewaye da shi, ba mai murmushi. A bayan zana Hedimasta ya miƙa hula. Lamidi ya ɗauka, ya juya baya ya duba, ya jefa a aljihu, sai ya kama fito. Shekaru ina aurensa, ban taɓa jin ya yi fito ba.

Na ce, "Maigida, lahiya?"

Ya ce, "Ke dai gyara kallabinki, kunnenki na waje."

Ban ƙara tambaya ba. Na sani.

Wasa ya kankama, Baƙo ya ɓullo, ya bi gidaje yana 'yan tambayoyinsa, har ya iso namu. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna, ya jingine filafili, ya tambayi ciniki da lafiyar yara.

"Mai kanti, mi anka ci jiya gidan ga?"

"Tuwon shinkahwa, Baƙo, da miyar kuɓewa."

"Da kihi?"

"Da nama."

"Shekaranjiya hwa?"

"Nama."

"Allah ya ƙara buɗi. Gari duk ana cin kihi, ya yi araha, mai kanti na cin nama."

Wani ya yi dariya a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Uwargida ba ta son ƙarni," in ji Lamidi.

Malfar nan ta juyo wajena. "Haka na, uwargida?"

A fitowar farko, don in ba mutane dariya, na yi ta yi wa Lamidi ƙorafin ya daɗe bai sayo mini tarwaɗa ba. Duk filin sun ji. Na ce "haka na" da wata murya wadda ko akuya ba za ta yarda da ita ba. Lamidi, mutumin da zai sayar maka da atamfar bara ya rantse jiya ta sauka daga mota, ya iya ƙarya fiye da haka. Amma ƙa'idar wasa ce mai baƙar tsakuwa ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, shi kuma ya bar ta, don taurin kai irin na mutumin da ya ƙudura sai ya nuna shi ɗan gari ne ko da zai kwana a tasha.

Baƙo ya gama zagaye, ya fara biyowa sallama. Ya sha a gidan mai gari. Ya sha a gidan masunci, ya sha a ruga. Saura mu da boka. Na ɗebo ruwa a randa, na durƙusa na miƙa. Ya karɓa. Ya riƙe ƙoƙon yana kallon cikinsa. Sai wata murya daga baya ta ce, "Aje shi!" Wata ta amsa. Nan da nan filin ya ɗauka, "Aje! Aje, Baƙo!" har da tafi da buga ƙafa. Daga inda nake durƙushe ina ganin fuskokinsu, kuma ba baƙi ba ne. Iyayen ɗalibaina ne, da mai wankina, da mutumin da Lamidi ya kai matarsa asibiti a bayan a-kori-kura da damina, da mata suna kwance goyo suna ɗaga yara don su gani da kyau. Bakuna a buɗe, idanu na ƙyalli, irin kallon da karnuka ke yi a bayan mahauta lokacin da ake fiɗa. Ba fushin kifi ba ne. Fushi na san shi, kuma Arzika da 'yan'uwansa kaɗai ke da shi a wurin. Sauran daɗi suke ji. Na sha karanta labarin irin wannan taro a littattafai, na ɗauka sai a ƙasashen da ba su san kunya ba.

Baƙo ya ɗaga amawali kaɗan, ya kafa kai. Muna jin maƙogwaronsa, domin filin ya mutu. Ya shanye tas, ya kife ƙoƙon ba ko ɗigo, ya miƙo mini ya ce, "Uwargida, ruwanku da sanyi. A ƙaro." Na ƙaro. Ya shanye. Idanu suka koma gidan boka, akawu da ke boka a ranar ya fara zufa ba gaira ba dalili. Nan ma Baƙo ya sha. Ya saɓa filafilinsa ya ce, "Na gode da ruwanku, mutanen gari," ya sauka ya nufi hanyar gulbi ta cikin taro.

Arzika ya miƙe ya tare hanya.

"Baƙo, ba ka hwaɗi ba."

"Ban saba hwaɗi ba."

"To ba ka aje ba! Wa na? Kihinmu ya mutu, shanu sun mutu, kai ka zo ka cika cikinka da ruwa?"

"Tabkin Gulma ba cikin wasan ga yake ba, Arzika. Ka tahi inda ake bincike na gaske."

Kiran sunan nan shi ya ɓata komai. Baƙo bai san sunan kowa ba, haka aka san shi. Wani ya yi ihu, "Ya san ka! Ɗan gari na!" Totuwa ta fara sauka, hannaye suka miƙo ta ko'ina. Arzika ya fizge malfar, wani ya cafki bakin amawali ya ja, yana warwarewa, yana warwarewa, har ya ƙare. Sai ga Malam Hantsi, malamin lissafi na ƙananan aji, ɗan guntun mutum mai sanƙo, wanda kullum tura kekensa yake yi don taya ba iska, wanda agwagin maƙwabta ke kora har ƙofar gida. Kullum da shi muke shan shayi a ofis. Malfa da shiru ne suka ba shi tsawo. Yana tsaye, ciki cike da ruwa, yana ƙifta ido.

Sai wata mata ta ce, "Ashe Hantsi na! Hantsi mai keke!" Filin ya fashe. Mutanen da yanzun nan suke neman a miƙa musu mutum, sai ga su suna dafa juna, suna share hawaye, wasu har ƙasa. Aka ɗora wa wani jaki malfar, yara suka bi shi da kiɗan gwangwani. Haka aka watse, ana dariya har gida. Arzika kaɗai na gani tsaye a tsakiyar fili, hannu ba komai, kamar wanda aka sace wa abu a gaban idonsa.

Daga ranar ba wanda ya ƙara tambayar wanda ya zuba guba a tafkin Gulma. Ba a gano shi ba, ba a ma neme shi ba. Gari ya sami abin taunawa, kuma ashe abin da yake nema ke nan tun farko. Ko Lamidi ko Hantsi, duk ɗaya ne, in dai akwai wanda za a taru a kai. Masu benci suka dawo ƙofar kanti kamar sun je fitsari ne kawai, har su ne ke ba Lamidi labarin yadda sanƙon ya yi ƙyalli. Lamidi ya ci gaba da zama a Argungu har ya tsufa, kuma ranar jana'izarsa na ga wasu daga cikin masu ihun "aje" suna ture juna wajen ɗaukar makara. Shi ya sa in samari suka ce mini mutanen da sun fi na yanzu kirki, nakan yi shiru. Ba mu fi ku ba. Abin da kawai muke da shi shi ne wani ɗan wuri da tambaya ke da kwarjini, kuma da hannunmu muka warware shi. Shekara ta zagayo, Hedimasta ya sa wani ya rufe fuska ya ɓullo ta wajen gulbi; bai kai dandamali ba aka ɗauka, "Hantsi, ina keke?" Nan wasan ya tsaya. Shi Malam Hantsi kuwa ajinsa ya gagare shi tun kashegarin ranar da aka tona shi. Da ya juya allo sai yara su kama sautin shan ruwa. Ya nemi a mayar da shi wata makaranta ta ƙauye, aka mayar.

Kafin ya tashi, ni da Lamidi muka je gidansa da safe. Muka tarar da shi a zaure, ya kife keke, ya ciro robar taya yana tsoma ta a kwanon ruwa yana neman inda ta huje. Lamidi bai ko zauna ba.

"Malam, baƙar ni na ɗauka."

"Na sani. Tun wurin nama."

"To don mi? Ni na ce a bar ni kamar kowa. Ka kashe wasa, ka kashe kanka, yara na yi ma waƙa bisa hanya. Wa ya roƙe ka?"

Malam Hantsi bai ɗago ba. Ya danna robar cikin ruwa, yana jiran kumfa.

"Ƙishirwa nika ji."

"Ƙoƙo biyu?"

"Rana ta yi zahi, Lamidi," in ji shi. "Riƙe min nan."

Sai Lamidi ya tattare rigarsa, ya tsuguna, ya riƙe.